Idan Kason Kifin Kod Ya Ƙare, Wa Ke Biyan Masunci?

Kusa da ƙarshen 2024, Norwe da Rasha sun amince cewa tan 340,000 kacal na kifin kod za a kama a Tekun Barents, da ke arewacin ƙasashen biyu, a 2025. A 2021 adadin tan 885,600 ne. Cikin shekara huɗu ke nan an zaftare fiye da kashi 60 cikin 100, kuma a lokacin rabon da a ga kason, wato adadin da aka yarda a kama a shekara, ya yi ƙasa haka tun 1991. Mai karatu a Kano zai iya cewa ina ruwansa da wani teku mai ƙanƙara a ƙarshen duniya. Da ruwansa kuwa. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda Ibo ke kira okporoko, daga wancan yankin mafi yawansa ke fitowa.

Duk lokacin da labari ya zo cewa kaso ya ƙare, an hana masunta fita, tambaya biyu ce ke biyo baya. Shin kifin ne ya ƙare a teku? Sannan gwamnatin da ta hana mutum sana'arsa, ba dole ne ta biya shi diyya ba? Amsar ta farko sau da yawa a'a ce. Ta biyun kuwa ita ce ƙasashen arewacin Tekun Atalantika suka shafe sama da shekara 30 suna ja-in-ja a kanta.

Wa ke yanka kason, kuma da wane ma'auni

Kod kifin ruwan sanyi ne mai jinkirin girma. Na Tekun Barents yakan kai wajen shekara bakwai kafin ya fara zuba ƙwai. Saboda haka ɓarnar da aka yi bana ba za ta nuna ba sai bayan wasu shekaru, lokacin da ƙananan da ya kamata su zama iyaye suka zo a ƙaranci.

Masana kan fita da jiragen bincike kowace shekara, su ja taru a wurare da aka tsara, su auna abin da ya shigo. Shekarun kifi ma suna gane su ta wani ɗan ƙashi da ke cikin kansa, mai zobe-zobe irin na kututturen itace. Daga nan su ƙiyasta nauyin iyayen kifin da suka rage, su ba da shawarar abin da za a iya ɗiba ba tare da an karya irin ba. A lura, ƙiyasi ne ba ƙidaya ba. Babu wanda ya taɓa ƙirga kifin teku kamar yadda Bafulatani ke ƙirga shanunsa, kuma za mu ga inda kuskuren ƙiyasi ya kai wata al'umma.

Shawara ta masana ce, hukunci na 'yan siyasa. A Tekun Barents wata hukumar haɗin gwiwa ta Norwe da Rasha ce ke zama duk shekara tun 1976, kuma ko yaƙin Yukren bai hana ta zama ba. Takan cire abin da za a ba wasu ƙasashe, sauran a raba biyu daidai. Tana da ƙa'idar cewa kada kaso ya hau ko ya sauka da fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara ɗaya, don kada a girgiza masu sana'ar. Shi ya sa alƙaluman suka riƙa sauka kamar matakala: 708,480 a 2022, sai 566,784 a 2023, sai 453,427 a 2024. Da abin ya ƙi tsayawa, a 2025 aka tsallake ƙa'idar aka rage kashi 25.

Bayan ƙasa ta karɓi nata, sai rabon cikin gida, kuma nan ne asalin rigimar take. Hanya biyu ake bi. Ko a zuba kason a tukunya ɗaya a ce kowa ya ɗiba har ta ƙare, ko a rubuta wa kowane jirgi nasa adadin. A tsarin tukunya ɗaya mai babban jirgi da mai saurin fita su ne ke cin moriya. A tsarin kowa da nasa, takardar kason kan zama dukiya, wani lokaci ta fi jirgin kansa tsada.

Ba kowace ƙarewa ce ƙarewa ba

Idan jirgi ɗaya ya cika adadinsa a watan Afrilu, ya gama ke nan, kuma babu wanda ke bin wani bashi. Ya sayar da kifinsa, ya karɓi kuɗinsa. Ko ya koma kama wani irin kifi, ko ya yi hayar kaso daga wani inda doka ta yarda, ko ya ɗaure jirgi. Gwamnatoci ba sa biyan diyya a nan, domin a idon doka kifin teku na al'umma ne, kaso kuma izini ne na ɗiba, ba alkawarin albashi ba.

Ya bambanta da lokacin da tukunyar gama-gari ta ƙare alhali wasu ba su ko jiƙa taru ba. Nan akwai wanda aka cuta, kuma ana iya nuna wanda ya ci rabonsa. Tarayyar Turai ta tanadi wannan tsakanin ƙasashenta a dokar sa ido kan kamun kifi ta 2009: ƙasar da ta wuce kasonta za a cire mata a shekara mai zuwa, wani lokaci har da ƙari na horo, kuma idan an rufe su kafin wata ƙasa ta kama nata, ana iya ɗiba daga rabon mai laifi a mayar mata. Diyya ce, amma da kifi ake biyan ta ba da kuɗi ba, kuma ƙasa ake biya ba mutum ba.

Sai kuma mafi muni, inda irin kifin kansa ya durƙushe, aka rufe ruwa baki ɗaya. A nan ne kawai aka saba ganin gwamnati ta buɗe baitulmali sosai.

Ranar 18 ga Afrilun 1989

Masuntan arewacin Norwe ba su manta da wannan rana ba. Kafin nan ƙananan jiragen gaɓa kusan a sake suke, ana ganin ba su da ƙarfin da za su yi wa teku illa. A shekarar kason ya yi kaɗan, kifin kuma ya zo kusa da gaɓa da yawa a tsibiran Lofoten, inda yake taruwa daga Janairu zuwa Afrilu don zuba ƙwai. Aka yi ta kwasa. Ranar 18 ga Afrilu hukuma ta ce kason jiragen gaɓa ya cika, kowa ya tsaya.

Matsalar ita ce can arewa, a lardin Finnmark, masu ƙananan jirage da yawa ba su ma fara ba. Su lokacinsu yana zuwa ne daga baya, idan iska ta lafa. Da yawansu 'yan ƙabilar Sami ne masu haɗa su da ɗan noma da kiwo. Ga kifi a ruwa a ƙofar gidansu, ga doka ta hana taɓawa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da ya biyo baya ya fi rufewar ciwo. A 1990 jimillar kason tekun ta faɗi zuwa tan 160,000, sai gwamnati ta koma tsarin kowane jirgi da nasa. Wa zai samu? Wanda ya sauke wani adadi na kifi a ɗaya daga cikin shekarun 1987 zuwa 1989. A takarda adalci ne. Sai dai a waɗannan shekarun ne wasu dabbobin teku masu cin kifi, da ake kira sil, suka yi dafifi zuwa gaɓar arewa saboda yunwa, suna yaga taru suna korar kifi. Masuntan lungunan ba su kama abin kirki ba, don haka ba su cika sharaɗi ba. Aka tura su rukuni na biyu, su yi ta wawaso a kan ɗan abin da ya rage. An ce tsarin na wucin gadi ne har kifi ya farfaɗo. Kifin ya farfaɗo, kason tekun har ya kai tan miliyan 1 a 2013, amma tsarin ya zauna daram, takardun rukunin farko suka zama kadara mai tsada. Daga baya an ware ɗan ƙarin kaso ga ƙananan jiragen yankunan Sami, wanda shi ma nau'in diyya ne da kifi.

A ganina wannan labarin ya fi kowane bayyana inda gizo ke saƙa. Wanda zai yi asara ranar da kaso ya ƙare, tun ranar rabo aka zaɓe shi.

Ayislan ma tana da irin wannan a ƙaramin sikeli. Tun 2009 ta buɗe wa ƙananan jirage masu ƙugiya damar su daga Mayu zuwa Agusta daga tukunya ɗaya. A 2022 da 2023 tukunyar ta ƙare tun a Yuli, kuma masuntan yankunan da manyan kifi ke isa a makare su ne suka fi kokawa.

Kifin da ke ɗaure jirgi ba don shi aka fita ba

Taru ba ya tambayar kifi sunansa. Mai neman wani iri daban zai ja taru ya tarar da kod a ciki. A da, masunci a Turai idan kasonsa na kod ya ƙare sai ya watsar da shi a teku, matacce, ya ci gaba da aikinsa. Tarayyar Turai ta hana haka a gyaran dokarta na 2013, hanin kuma ya kankama a hankali daga 2015 zuwa 2019. Yanzu abin da ka kama dole ka kawo shi tudu a cire daga kasonka. Ma'ana ɗan kason kod da ya ƙare zai iya ɗaure jirgin da ke da ɗimbin kason wasu kifayen a hannu.

Norwe ta riga su, tun 1987 ta hana zubar da kod, kuma ta samo wata dabara. Wanda ya wuce kasonsa ba da gangan ba ya kawo kifin, a sayar, kuɗin ba nasa ba ne, amma a bar masa kashi 20 cikin 100 ladan ɗawainiyar kawowa. Kuɗin bai kai ya sa mutum ya je neman haramtaccen kifi da gangan ba, amma ya isa ya hana shi zubarwa a ɓoye. Masana ma sun amfana, tunda kifin da aka zubar ba ya shiga lissafi, lissafin da babu shi kuwa ƙarya ne.

Kanada: diyyar da ta ƙare kafin kifi ya dawo

Shekara kusan 500 mutane na kama kod a gaɓar Newfoundland, wani lardi a gabashin Kanada. A 1968 an kwashi tan 810,000, mafi yawa manyan jiragen ƙasashen waje. Da Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 a 1977 ta kori baƙi, sai ta gina nata manyan jiragen. A shekarun 1980 masuntan gaɓa suka yi ta kuka cewa kifi na raguwa kuma yana ƙanƙancewa. Ba a saurare su ba, domin manyan jirage na dawowa a cike. Abin da ba a lura da shi ba, kod na taruwa wuri ɗaya ko da ya ragu, na'urorin jirage kuma na gano taron. Cikar jirgi ba ta nuna cikar teku.

Ranar 2 ga Yulin 1992 ministan kamun kifi, John Crosbie, ya sanar da rufe su na shekara biyu. Yana jawabi a wani otal a birnin St. John's, fusatattun masunta na ƙoƙarin ɓalle ƙofa. Mutum wajen 30,000 suka rasa aiki a lardin, masunta da ma'aikatan masana'antun gyaran kifi, waɗanda da yawansu mata ne.

Da farko dalar Kanada 225 a mako aka yanka musu. Aka yi ca, aka ɗaga har zuwa 406 ga wanda ya fi samu, bisa sharaɗin shiga horon wata sana'a. A 1994 aka kawo sabon shiri na dala biliyan 1.9 da aka tsara zai kai shekara biyar. Burinsa uku ne: ciyar da iyalai, koya wa mutane wani aiki, da saye lasisi don rage yawan masunta. Waɗanda suka cancanta suka zarce lissafin gwamnati nesa ba kusa ba, har suka kai kimanin 40,000. Aka riƙa kwashe kuɗin horo da na sayen lasisi ana biyan na cefane, shirin ya ƙare a 1998 tun wa'adinsa bai cika ba. Horon ma an sha sukarsa: dattijon da ya bar makaranta yana yaro ya hau jirgi, a ƙauyen da babu wani aiki sai kifi, wace sana'a za ka koya masa ya yi a ina? Matasa suka tattara suka nufi wasu larduna, yawan mutanen lardin ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a shekara goma.

Shekara biyun nan ta zama 32. Sai a Yunin 2024 aka ɗage haramcin, da kason tan 18,000.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Idan za a biya diyya, hannun wa za ta shiga? Galibi na mai takarda. A gabashin Tekun Baltik na arewacin Turai, inda kod ya rame saboda ƙarancin iska a ƙasan ruwa da tsutsar ciki da kuma yawan kamu, an hana kama shi cikin gaggawa a Yulin 2019, kuma tun 2020 ba a yarda a fita dominsa ba. Tarayyar Turai ta gyara dokar asusunta don a biya masu jirage su farfasa jiragensu su bar sana'ar. Akwai kuma kuɗin dakatarwa na ɗan lokaci, amma da sharuɗɗa: tsayawar ta kai kwana 30 a shekara, kuma ba za a biya jirgi ɗaya fiye da wata 12 ba a tsawon shirin 2021 zuwa 2027. Ma'aikacin jirgi kuwa ba albashi yake ci ba, rabo yake samu daga abin da aka kama. Ranar da aka farfasa jirgin, maigida ya tafi da kuɗi, shi ya tafi da takalmin roba.

Birtaniya ta ga haka ƙarara. Bayan rigingimun da ta yi da Ayislan kan kod daga 1958 zuwa 1976, an rufe wa jiragenta ruwan Ayislan, dubban ma'aikatan jirage a garuruwan Hull da Grimsby da Fleetwood suka zauna babu aiki. An ɗauke su a matsayin 'yan aikin wucin gadi, ba su da haƙƙin sallama. Sai a 2000 aka fito da shirin biyansu fam 1,000 kan kowace shekarar da suka yi a teku, iyaka fam 20,000. Shekara 24 ke nan, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

A Ayislan kuwa kasuwa aka bar wa aikin. An raba kaso a 1984 bisa abin da jirgi ya kama a shekarun baya, dokar 1990 kuma ta sa ana iya sayar da shi. Mai son fita ya sayar da kasonsa ya tafi da dukiya, gwamnati ba ta kashe ko sisi ba. Amma idan kaso ya bar ƙauye, masana'antar gyaran kifi ta rufe, gidaje su faɗi daraja, kuma waɗannan mutanen ba su da abin sayarwa. A 2007 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsarin ya nuna bambanci ga waɗanda ba su samu rabon farko ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu adawa da diyya suna cewa ita ce ke riƙe jirage fiye da kima a cikin sana'a. Idan mai jirgi ya san gwamnati za ta tallafe shi duk ranar da abu ya ɓaci, me zai sa ya yarda a rage kaso tun da wuri? Irin wannan tunani ne ya haifar da yarjejeniyar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta cimma a Yunin 2022 ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta hana tallafa wa kamun kifin da aka riga aka yi wa illa, sai dai tallafin da zai taimaka ya farfaɗo.

Masunta kuma na cewa ba su suka yi ƙiyasin ba, ba su suka yanka kason ba. A Newfoundland abin da gwamnati ta halatta suka kama, sun ma yi gargaɗi ba a ji ba. Wannan hujja tana da ƙarfi ga mai ƙaramin jirgi da ma'aikaciyar masana'anta. Ba ta da ƙarfi ga kamfanin da ya yi ta matsa wa minista lamba kada a rage.

Inda abin ya taɓa tukunyarmu

A Lofoten ana rataye kod a kan katakai daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, iska mai sanyi ta busar da shi ba gishiri ba hayaƙi, har ya rasa kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Mafi kyawunsa Italiya ke saye. Najeriya ita ce babbar kasuwar busassun kawuna da mai matsakaicin daraja, daga Norwe da Ayislan.

Tsadarsa a nan tana da dalilai na gida. Babban Bankin Najeriya ya sa kifi cikin kayan da ya hana wa dalar gwamnati daga 2015 zuwa Oktoban 2023, naira kuma ta faɗi bayan an sake ta a tsakiyar 2023. Amma ko dala ta tsaya cak, kifi kaɗan na nufin kawuna kaɗan, kuma mai busarwa yana gogayya ne da masu kai ɗanye Turai da masu gishirtawa don Fotugal.

Norwe ba ta biyan masu jirage kuɗi don an rage musu kaso a 'yan shekarun nan. Farashi ne ke cike musu giɓi, domin kuɗin kod a bakin gaɓa ya yi tashin da ba a saba gani ba. Masana'antun tudu da ma'aikatansu su ne ke jin jiki, tunda suna sayen kaɗan da tsada. Wani ɓangare na wannan ƙarin kuɗi yana biyo buhunan kawuna zuwa tashar Legas, ya wuce Aba da Onitsha, ya iso Sabon Gari, inda mai abincin sayarwa ke rage yawan abin da take sakawa a miya ko ta koma wa bandar kifin Tafkin Chadi.